Shekarun Iya Mai Guga

'Yar Gayu ce ta raba Iya da aikinta. Ita ce, ba wata ba, kuma duk mai cewa tsautsayi ne sai ya je ya maimaita a gaban Iya in ya isa. Ita ta sayo balan-balan, ita ta saki baki a gaban manaja, ita kuma ta kama hannun tsohuwar nan ta dangwala mata yatsa a takardar da ba ta san abin da ke cikinta ba. Doguwa da Maman Biyu su ma ba su fita ba. Sun ci kek ɗin har da suɗe cokali, da abu ya ɓaci kuma kowacce ta kifa kai a kan aikinta kamar ba ta taɓa sanin wata Iya ba.

Shekara goma sha ɗaya Iya ta yi a ƙasar mutane tana guga a wani kamfanin wanki, irin wanda otal-otal da asibitoci ke turo wa kaya mota-mota. A ƙarƙashin gini ɗakin aikin yake, ba taga ko ɗaya, sai dogayen fitilu farare da ke mai da fuskar kowa kamar ta majinyaci. Injinan wanki takwas ne jere a jikin bango, kowanne da lambarsa a goshi. A tsakiya akwai ƙaton injin da ke haɗiye zanen gado a jiƙe ya tofo shi a miƙe, nan Doguwa da Maman Biyu suke tsayawa, wannan ta kama gefe waccan ta kama gefe. Iya kuwa can lungu take da dutsen guga na hannu mai tururi. Ita ake kawo wa rigunan likitoci da na masu dafa abinci, masu maɓalli da wuya da aljihu, waɗanda inji ba ya iyawa. Bayan hannunta duk tabon ƙuna ne, sabo a kan tsoho. Amma a shekarun nan kaf ba ta taɓa ƙona rigar kowa ba.

Ba ta yi makaranta ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Lokacin da za ta taho, mutumin da ya haɗa mata takardu ya tambaye ta shekarunta, ta ce hamsin da 'yan kai, ita ma ba ta da tabbas. Ya ƙare mata kallo ya ce da wannan ba mai ɗaukarta ko shara, ya rubuta arba'in cif. Ranar haihuwa kuwa bai wahalar da kansa ba, ya sa ɗaya ga watan ɗaya. Haka ya yi wa Doguwa, haka ya yi wa Maman Biyu, haka ya yi wa 'Yar Gayu da ta zo daga baya, sai dai ita ƙari ya yi mata don ta yi ƙanƙanta. Su huɗu, a takarda, rana ɗaya aka haife su.

Dokar kamfanin a fili take. Wanda ya cika sittin ba a sabunta masa kwantiragi, takardar zaman ƙasar kuma a jikin kwantiragin take rataye. A lissafin ofis Iya tana da hamsin da ɗaya, da sauranta. Da wannan aikin take riƙe da gidan ɗanta can gida, wanda ciwon baya ya zaunar, da jikoki biyar.

Ita 'Yar Gayun nan, ranar da ta sauka da jaka ɗaya da takalmi mai tsini ba ta san kowa ba, Iya ce ta ɗauke ta. Wata huɗu suna kwana gado ɗaya, ƙafar yarinya a haƙarƙarin tsohuwa. Iya ta koya mata shiga bas, ta koya mata ninke riga yadda manaja ba za ta yi tsaki ba. Yarinyar tana da kai, nan da nan ta kama yaren ƙasar, ta zama bakin kowa. In za a je asibiti ita ce, in takarda ta zo ita ce.

Abin ya faro ne wata rana a ɗakin hutu, wani ɗan ƙurƙutun ɗaki mai tebur ɗaya da kujeru shida da kabad-kabad na ƙarfe. Suka tarar da ragowar kek a faranti, wata 'yar ƙasar mai ninke tawul ce ta yi murnar ranar haihuwarta. Iya ta lakata da yatsa ta ɗanɗana, ta ce ita dai har ta tsufa ba a taɓa yi mata ba, ba ta ma san ranar ba. Doguwa ta ce ai su sun huta, kek ɗaya ya ishe su su huɗu. Maman Biyu ta tambayi shekarun ɗan Iya, aka ce arba'in da shida, ta lanƙwasa yatsu ta ƙirga, sannan ta ce:

"To Iya, shekararki biyar ke nan kika haife shi. Ashe ana yaye ki kika hau naƙuda."

Aka yi dariya har Doguwa ta ƙware da shayi. Iya ta ce musu marasa kunya, ta koma kan gugarta, ta manta.

'Yar Gayu ba ta manta ba. Ta zare lambar ɗan Iya daga wayar tsohuwar ta kira shi a ɓoye. Shi kuma ya aika gidan kawunsa aka buɗe wani tsohon akwatin ƙarfe, aka samo littafin da mahaifin Iya yake rubuta ranakun haihuwar 'ya'yansa. Gara ta ci rabi, amma ta bar layin Iya. Ranar ta fito, shekarar ta fito. Sai da suka jira wata biyar kafin ta zagayo, su ukun suna ta ƙus-ƙus, in Iya ta matso su yi shiru.

A ɗakunan da suke haya mai gida ya hana taro, ranakun hutunsu kuma ba sa haɗuwa. Shi ya sa suka zaɓi ɗakin hutu, ƙarfe uku na rana, lokacin da masu aikin safe ke tashi. Iya ta kashe dutsen guga ta tura ƙofa don ɗaukar jakarta, sai ta gan su tsaye sun yi layi, sun cire hulunan aiki sun ɗaura ɗankwali. Kek a tebur da kyandir a kai. A bayansu kuma balan-balan biyu masu ƙyalli, kowanne ya kai tsayin yaron goye, an ɗaure su a ƙofar kabad. Karatu ne Iya ba ta iya ba, lamba kam aiki ya koya mata. Shida da huɗu.

'Yar Gayu ta ɗaga waya, ga fuskar ɗan Iya a ciki da jikoki sun cunkusa kai. Ya ce mata yau ce ranar da aka haife ta, ya nuna mata shafin da rubutun hannun mahaifinta a jiki. Iya ta ja kujera ta zauna. Shekara talatin da rasuwar tsohon nan, ba ta taɓa sanin ya zauna ya rubuta ta ba. Ta sa gefen mayafi a ido. Suka rera mata waƙar da ake rerawa a irin wannan rana, kowacce da tata muryar, Doguwa kamar ana jan kujera a siminti. Aka ce ta hure kyandir, ta ce ita ba 'yar wasa ba ce, aka matsa mata, ta hure.

Ba a ce hankalinta bai ba ta ba. Tana cikin share ido ta dubi balan-balan ɗin ta ce a sauke su haka nan, an gani ya isa. 'Yar Gayu ta ce ta bari a yi hoto tukuna.

"Wa zai sauko nan, Iya? Manaja warin sabulunmu ma ba ta so. Shekara biyar ban ga takalminta a ɗakin nan ba."

Masu son wanke 'Yar Gayu suna cewa ai Iya ce da kanta ta yanka kek ta ce a kai wa manaja sama. Ƙwarai, ita ce. To sai me? Haka aka tarbiyyantar da ita. Ba a cin abu a ƙarƙashin rufin mutum a hana shi ɗanɗano, ko da ba ya gaishe ka. Ta zaɓi yanki mai fure, ta rufe da wani farantin, ta ba Maman Biyu ta hau da shi. Aika abinci ba laifi ba ne a ko'ina.

Ba a yi minti goma ba sai ga ƙarar takalmi a matattakala. Manaja ce, siririyar mace mai gilashi, da cokali mai yatsu a hannu, ta sauko yin godiya. Tana murmushi ta shigo, ta rungume Iya, sannan ta ɗaga kai ta ga lambobin. Ta nuna su da cokalin ta yi tambaya.

A nan ne ya kamata mai hankali ta ce na wata ne, ko a shagon da aka sayo su ba a samu biyar da ɗaya ba, ko ma ta yi shiru ta ce ba ta ji ba. 'Yar Gayu kuwa sai ta dafa kafaɗar Iya ta shiga zuba da yaren nan da take taƙama da shi. Iya ta tsinci kalmar sittin a ciki, ta tsinci ɗa, ta tsinci arba'in. Daga baya aka gaya mata abin da yarinyar ta ce, wai sittin da huɗu cif, amma ta fi su duka ƙarfi, ɗanta ma ya wuce arba'in. Cokalin Doguwa ya tsaya a hanya tsakanin faranti da baki. Manaja ta jinjina kai, ta yaba, ta ciro wayarta ta tsaya kusa da Iya aka ɗauke su hoto, balan-balan na ƙyalli a bayansu. Ta yi godiya ta hau.

Doguwa ta zare allurar ɗankwalinta ta fasa balan-balan ɗin ɗaya bayan ɗaya ta cusa a kwandon shara can ƙasa. 'Yar Gayu ta ce su daina tsorata kansu, matar nan ba ta da matsala, ba su ga har rungumar Iya ta yi ba? Aka raba sauran kek a leda. Iya ta kai nata gida ta ajiye, ba ta iya ci ba.

Kwana huɗu ba abin da ya faru. A na biyar, tana tsakiyar wuyan wata riga, aka ce ana kiranta a sama.

Ba ta taɓa shiga ofishin ba sai ranar da aka ɗauke ta aiki. Bangon gilashi, darduma mai laushi da ta ji kunyar takawa da takalmin roba, wata shuka a tukunya. Ban da manaja akwai wani mutum daga babban ofis, mai furfura a gefen kunne, da fayil a gabansa. Aka kira 'Yar Gayu ta yi tafinta. Mutumin ya juyo da kwamfuta, ga hoton, ga Iya tana murmushi da jajayen idanu.

Iya ba ta yi musu ba. Ta ce a gaya musu ita ba ta iya rubutu ba, wani ne ya rubuta. A gaya musu shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa kwanciya ciwo ba, su sauka su ƙirga rigunan da take gogewa a yini su gwada da na kowa. Ta yi magana mai tsawo. 'Yar Gayu ta juya ta faɗa musu a kalmomin da ba su wuce biyar ba.

Sai mutumin ya jawo wasu fayiloli uku daga ƙasan na farko, ya jera su, ya sa yatsa a wuri ɗaya a kowanne, ya dubi 'Yar Gayu ya yi mata magana a hankali. Iya ta ga leɓen yarinyar ya bushe. Ta tambaye ta me ya ce, ta ce ba komai. Aka turo takarda da ɗan akwatin tawada.

"Mece ce wannan?"

"Shaida ce kawai, Iya, cewa kin zo an yi magana da ke. Kowa yana sawa."

"Kin karanta?"

"Na karanta."

Ta kama babban yatsan Iya da hannunta mai sanyi, ta danna a tawada, ta danna a takarda. Nan take manaja ta miƙa hannu ta karɓi katin shiga da ke rataye a wuyan Iya. Mai gadi ya raka ta ƙasa ta kwashe kabad ɗinta, kofin shayi da man zafi da silifas. Ta wuce ta gaban babban inji da ledarta. Doguwa da Maman Biyu suna riƙe da zanen gado, ba wadda ta ɗago. Rigar da ta bari tana nan a kan tebur, rabin wuyan a goge.

Maƙwabcinta, wani tela da ya daɗe a ƙasar, shi ya karanta mata kwafin da aka ba ta. Ya karanta sau biyu kafin ya yarda ya faɗa. Takardar ta ce ita da kanta, ita kaɗai, ba da sanin kowa ba, ta canja shekarunta. Ta ce ta ajiye aiki don raɗin kanta. Ta ce ba ta da wani ƙorafi a kan kamfani yanzu ko nan gaba, kuma an fassara mata komai ta fahimta. Kwana talatin gare ta ta bar ƙasar.

Telan ya rufe shagonsa ya raka ta wani ofishi da ke taimakon ma'aikata baƙi. Suka zauna a benci tun safe har azahar. Matar da ta saurare su ta duba takardar ta girgiza kai. Ta ce da korarta aka yi, da akwai inda za a kama, ga wadda ba ta iya karatu ba kuma ta yi shekaru haka tana aiki. Amma wannan yatsan ya rufe ƙofa. Hanya ɗaya ta rage, wadda ta yi tafinta ta zo da bakinta ta ce ba abin da ke rubuce ta faɗa ba. Ta ba su rana, ta rubuta a ɗan kati.

Iya ta kira 'Yar Gayu, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Washegari ta daina shiga gaba ɗaya. Ta je ɗakinta ta ƙwanƙwasa, ta ji motsi a ciki, ba a buɗe ba.

Ranar hutun Doguwa sai ga ta ta zo da lemo a leda, ta zauna a bakin gado tana kallon ƙasa. Ita ta bayyana wa Iya abin da mutumin ya ce a ofis. Ya lura su huɗu rana ɗaya aka haife su. Ya ce in tsohuwar ta amsa laifin ita kaɗai, a rufe magana a nan, in kuma ba haka ba a buɗe sauran ukun. Doguwa ta ce yarinyar tsoro ta ji, ba mugunta ba ce, kwana take kuka. Ta ce Iya ta duba, gida uku ne a bayansu, Maman Biyu 'ya'yanta suna makaranta. Ta ce ta yi haƙuri ta bar wa Allah, ai dama ta kai lokacin hutawa, jikoki su ma suna son ganinta.

Iya ta bar ta ta gama. Sannan ta ce da an tambaye ta, da an ce Iya ga yadda ake ciki, ki ɗauka ke kaɗai ki rufa mana asiri, wataƙila da ta ɗauka, don ta ɗauki abin da ya fi wannan. Amma ba a tambaye ta ba. An kama hannunta ne kamar na jariri. Ta miƙa wa Doguwa ledar lemonta ta buɗe mata ƙofa.

Ɗanta ya kira sau uku a makon, yana tambayar ko ta ji daɗin bikin. Ta ce ta ji. Ba ta gaya masa ba.

Ana gobe ranar da matar ofishin ta ba ta, saura kwana goma sha ɗaya a cikin talatin ɗin, Iya ta yi wanka ta goge mayafinta da kanta, ta sa takardar a leda ta shiga bas. Ƙarfe uku saura ta isa ƙofar kamfanin. Mai gadi, wanda shekara da shekaru take ba shi ruwan zafi a kofinta, ya tare ta da hannu yana kawar da kai. Ta nuna masa bakin titi, ta koma can ta tsaya. Titi dai ba na kamfani ba ne.

Masu aikin safe suka fara fitowa, suna warin sabulu, suna gyara jakunkuna. Doguwa ta fito ta gan ta ta tsaya cak. Maman Biyu ta laɓe a bayan Doguwa. 'Yar Gayu ce ta ƙarshe, ta rame, ba jan baki, ido a waya. Ta zo wucewa Iya ta kama igiyar jakarta. Hannun da ya shekara goma sha ɗaya yana danna ƙarfe ba a fizge masa abu.

"Iya, don Allah, mutane suna kallo."

"Su kalla. Gobe ƙarfe tara matar nan tana jira. Ban ce ki ambaci kowa ba. Abin da kika gaya mini a ofis shi za ki maimaita mata."

"In na faɗa, ni ma korata za a yi. Mu duka."

"Ni da aka kora fa, itace ce?"

Yarinyar ta fara kuka. Iya ta ce ta adana hawayenta, ta ga irinsu wata huɗu a kan matashinta. Ta zaro takardar daga leda da ɗaya hannun, ta buɗe ta a gaban fuskarta, daidai inda shuɗin yatsan yake. Bas ɗinsu ya zo ya tsaya ya tafi, ba wadda ta motsa. Ta dubi Doguwa, ta dubi Maman Biyu, ta ce su matso su ma su ji, tunda tare aka ci.

"Ni ban iya karatu ba, ke kika karanta. Na tambaye ki, kika dubi idona kika ba ni amsa. To ga ta nan, ba ta canja ba. Ki karanta mini ita yanzu da ƙarfi a gaban waɗannan, sannan ki gaya mini wa zai amsa wannan abin da aka yi mini. Ba zan saki jakar nan ba sai na ji."